Shugaban da Ya San Zuciyar Jama'arsa



A kowace shekara, a majami'unmu na Sabon Gari da Samaru da ƙauyukan da ke kewaye da su, akan zaɓi sababbin shugabanni: na Zumuntar Mata, na ƙungiyar maza, na matasa, na mawaƙa, na kwamitin bikin godiyar kaka, da na majalisar farish. Akan kira su gaban bagade, a yi musu addu'a, jama'a su yi murna. Amma sau da yawa kafin shekara ta raba, ƙungiyar da ta fara cike da mutane sai ta koma 'yan ƙalilan. In an tambayi waɗanda suka janye jiki, da wuya su ce shugaban ɓarawo ne ko malalaci. Abin da sukan ce shi ne, ya cika tsayawa a kan mutum. Ya ba ka aiki da safe, kafin azahar ya zo ya karɓe shi. Ba a sayen ko tsintsiya sai da izininsa, ba a jera kujeru sai yadda ya nuna da yatsa, in kuma an yi kuskure kaɗan sai faɗa a gaban jama'a. A kan wannan ciwo muke so mu yi tunani tare, gama yana cin ƙungiyoyinmu a hankali kamar yadda gara ke cin dangar kara, daga waje tana tsaye, ciki kuwa ya zama gari.

Ciwon tsoho ne, har Annabi Musa ya taɓa shi. Littafin Fitowa, sura 18, ya nuna mana Musa a zaune tun safe har yamma yana yanke wa jama'a shari'a shi kaɗai, mutane kuwa suna tsaye kewaye da shi cikin rana suna jiran layi. Surukinsa Yetro, firist na Madayana, ya zo ziyara, ya zuba ido ya ga abin da ke gudana. Bai yabi ƙwazon Musa ba. Ya gaya masa a fili cewa wannan hanya za ta gajiyar da shi, ta kuma gajiyar da jama'ar. Ya ba shi shawara ya zaɓo mutane masu tsoron Allah, amintattu, waɗanda ba sa karɓar toshiya, ya ɗora su a kan mutum 1,000, da 100, da 50, da 10, domin ƙananan al'amura su ƙare a hannunsu, manyan kaɗai su iso wurinsa. Mu lura da abu biyu. Musa mutumin Allah ne, niyyarsa kuma tsarkakakkiya ce, duk da haka kyakkyawar niyya ba ta hana jama'a wahala ba. Shawarar kuma ta fito daga bakin baƙo, wanda ba Ba'isra'ile ba, amma Musa ya saurara ya yi aiki da ita.

Me ke sa shugaba ya rungume kome a ƙirjinsa? Wani tsoro ne ke damunsa, kada aiki ya ɓaci a ɗora masa laifi. Wani son yabo ne, yana so ranar biki a ce shi ya yi kome. Wani kuwa ya gaskata a ransa cewa ba wanda ya iya sai shi. Dukan waɗannan a zuciyar shugaba suke zaune, saboda haka daga can magani zai fara. Shugaban da bai san abin da ke motsi a ransa ba zai riƙa ganin laifi a wurin mabiyansa kullum, alhali ciwon yana jikinsa.

Muna da darasi a nan ƙofar gidanmu. A shekarar 1922 aka kafa tashar binciken noma a Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Shekaru da dama shawarar da ake kai wa manoma ita ce su shuka amfani iri ɗaya a gona ɗaya, a kan lokacin da masana suka ƙayyade. Manoma sukan saurara da ladabi, su ce to, su koma su ci gaba da haɗa gero da dawa da wake a gona guda kamar yadda suka gada. Waɗansu suka ɗauki wannan a kan taurin kai ko duhun kai. Daga tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arzikin noma mai suna David Norman, tare da abokan aikinsa na Samaru, suka bi wata hanya dabam. Suka shiga ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka riƙa rubuta abin da manomi ke shukawa, da yawan lokacin da yake ɓatawa a gona, da abin da yake girbewa. Sai ta bayyana cewa manomin yana da hujja. Haɗa amfani ya fi biyansa wahalarsa, musamman a tsakiyar damina lokacin da ciyawa ta taso, hannun aiki kuma ya yi ƙaranci. Yana kuma kare gidansa daga yunwa, gama in ruwa ya yi gardama wani amfanin ya ƙi, wani zai yi. Wannan bincike yana cikin ayyukan da suka haifar da hanyar da ke farawa da sauraron manomi kafin a ba shi shawara, hanyar da ta bazu zuwa ƙasashe masu yawa.

Masanan nan ba su rasa ilimi ba. Abin da ya ƙara musu haske shi ne zama da tambaya. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Katikis da ke zaune a ƙauye ya san dalilin da ya sa jama'a ba sa fitowa koyon katikisma a wata ranar mako, wataƙila ranar kasuwa ce. Uwar zumunta ta san gwauruwar da ta daina zuwa taro domin kunyar kuɗin wata da ta kasa biya. Shugaban mawaƙa ya san ɗalibin jami'a da ya ɓace daga koyon waƙa saboda jarrabawa ta ƙarato. Wanda ke ba da umarni daga nesa ba tare da tambaya ba zai kira dukan waɗannan rashin biyayya, ya hukunta mutane a kan abin da ya kamata ya taimake su.

Kakanninmu manoma sun san wannan tun kafin a gina jami'a. A ƙasar Zazzau mai gandu yakan yanka wa 'ya'yansa da ƙannensa gayauna, ya bar musu lokacin da za su noma nasu bayan an tashi daga gandu. Ba ya bin su yana ƙidaya kunya. In yaro ya yi sakaci ciyawa ta cinye masa gyaɗa, kaka za ta koya masa abin da faɗan uba ba zai koya masa ba. A gayauna yaro ke koyon zama mai gida, shi ya sa ranar da tsoho ya kwanta dama gandu ba ya mutuwa tare da shi. Ƙungiyar da shugabanta bai yanka wa kowa gayauna ba, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko ya kwanta ciwo, ranar take durƙushewa.

Masanan halayyar ɗan Adam sun ba wannan hikima suna. A 1990 waɗansu masana biyu a Amurka, Peter Salovey da John Mayer, suka yi rubutu a kan abin da za mu iya kira basirar sanin zuciya, a 1995 kuma littafin Daniel Goleman ya yaɗa zancen a duniya. Taƙaicensa shi ne mutum ya gane abin da ke motsi a ransa, ya iya riƙe kansa, ya gane abin da ke ran ɗan'uwansa, ya kuma san yadda zai bi da mutane. Ikkilisiya ta daɗe da wannan koyarwa. Waliyyi Gregori Mai Girma, wanda ya yi Paparoma daga 590 zuwa 604, ya rubuta littafin ja-gora domin makiyayan jama'a. Babban sashe na littafin yana bayyana yadda gargaɗi ɗaya ba ya dacewa da kowa. Dabam ake yi wa mai saurin fushi magana, dabam mai sanyin hali. Dabam mai baƙin ciki, dabam mai murna. Dabam mai yawan shiru, dabam mai yawan magana. Ya kwatanta zukatan jama'a da tsirkiyoyin molo, waɗanda gwani ba ya kaɗa su da ƙarfi ɗaya in yana son sauti mai daɗi.

In haka yake a ko'ina, balle a wurinmu. Sabon Gari ya girma ne a gefen hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Zariya zuwa Kano a wajen 1911, ya tara mutane daga kowace kusurwar ƙasar nan. Samaru kuwa jami'a ta cika ta da malamai da ɗalibai da ma'aikata. A benci ɗaya a Babbar Majami'ar Kristi Sarki za a sami Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma. A kwamiti ɗaya za a sami farfesa da mai sayar da kayan miya, tsohon soja da yarinyar da ta gama sakandare bana. Maganar da wani zai ɗauka wasa, wani zai kwana yana jin zafinta. Shirun da wani ke yi alamar yarda ce, na wani kuwa alamar ɓacin rai. Labarin zuciya a tambayi fuska. Shugaban da idonsa ke kan takardar tsari kaɗai, bai ɗaga kai ya dubi fuskoki ba, zai rasa mutanensa tun suna zaune a gabansa.

Mu dubi Ubangijinmu Yesu, Makiyayi Nagari. A Bisharar Luka, sura 10, ya aiki almajirai 72, biyu biyu, zuwa garuruwan da shi kansa zai bi. Ya ba su umarni gajere, bayyananne, sa'an nan ya sake su. Bai bi su a baya yana leƙen yadda suke sallama a ƙofar gida ba, ko da yake ya san rauninsu sarai. Da suka komo da murna ya saurari rahotonsu, ya yi farin ciki tare da su, kana ya daidaita musu tunani a kan abin da ya fi cancanta su yi murna da shi. A Bisharar Markus, sura 6, manzanni sun dawo daga aike suna ba da labari, jama'a kuwa sun yi yawa har ba su sami damar cin abinci ba. Yesu ya ga gajiyarsu tun ba su faɗa ba, ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su huta. Shugabanni nawa ne a cikinmu suke lura cewa sakataren ƙungiya ya zo taro kai tsaye daga aikin dare, ko cewa ma'ajiya tana da mara lafiya a asibiti?

Sai kuma al'amarin Bitrus. Ya yi musun Ubangijinsa sau 3 a daren wahala. A Bisharar Yohanna, sura 21, Yesu da ya tashi daga matattu ya tarye shi a bakin teku. Ya fara ciyar da su gurasa da kifi tukuna. Bayan sun ci, ya tambayi Bitrus sau 3 a kan ƙauna, ya kuma danƙa masa garken. Bai jero masa laifofinsa ba, bai kuma naɗa wani ya riƙa tsaronsa ba. Ya san Bitrus ya riga ya yi kuka mai zafi, ya san kuma abin da mai tuba ke bukata shi ne a sake amincewa da shi. Haka Barnaba ya yi da Yohanna Markus, saurayin da ya juya baya a tsakiyar tafiyar bishara. Bulus ya ƙi sake tafiya da shi, Barnaba kuwa ya ɗauke shi. Bayan shekaru, Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani a gare shi. Da kowa ya yar da Markus a kan kuskurensa na fari, da Ikkilisiya ta yi babbar hasara.

Littafi Mai Tsarki ya ba mu gargaɗi kuma. A Littafin Sarakuna na Fari, sura 12, jama'a suka zo Shekem wurin Rehobowam ɗan Sulemanu suna roƙo ya sassauta musu nauyin da ubansa ya ɗora musu. Dattawa suka shawarce shi ya bauta wa jama'a, ya amsa musu da magana mai daɗi. Ya ƙi, ya bi shawarar tsaransa, ya amsa da gatsali da barazana. Kabila 10 suka juya masa baya, mulkin ya rabu biyu, bai kuma sake haɗuwa ba. Magana zarar bunu ce. Kalma guda da shugaba ya yaɓa wa dattijuwa a gaban 'ya'yan cikinta tana iya raba zumuntar da aka yi shekaru ana ginawa.

Wani zai ce, "Fada, in mun saki kome, kuɗin Ikkilisiya fa? Ai mun ga inda aka amince da mutum ya ci amana." Tambaya ce mai nauyi, gaskiya ce kuma. Ba da amana ba ya kawar da lissafi. A misalin talanti, Bisharar Matiyu sura 25, maigidan ya raba dukiya gwargwadon iyawar kowane bawa, ya yi tafiyarsa, amma da ya komo ya nemi lissafi. Dokokin Ikkilisiya na 1983 sun wajabta wa kowane farish ya kasance da majalisar kula da dukiya. Saboda haka a sa hannu biyu a kan fitar da kuɗi, a ajiye rasiɗi, a karanta lissafi a gaban 'yan ƙungiya a ranar da aka yi alkawari. Inda kuma al'amari ya shafi lafiyar yara da kare mutuncinsu, a nan sa ido wajibi ne, ba sassauci. Bambancin yana nan: tsari na gaskiya an san shi tun farko, yana hawa kan kowa har da shugaba, yana kuma kare mai gaskiya daga zargi. Bin diddigi kuwa ba shi da rana ba shi da ƙa'ida, yana bin yanayin ran shugaba, saƙon da yake isarwa kullum shi ne ba a yarda da kai ba.

Koyarwar Ikkilisiya a bayyane take. A 1931 Paparoma Pius na 11 ya koyar cewa rashin adalci ne babba ya ƙwace aikin da ƙarami zai iya yi da kansa. Aikin babba shi ne ya tallafa masa. Majalisar Vatican ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta umarci makiyaya su danƙa wa masu bi ayyuka da amincewa, su bar musu sarari, har su ƙarfafa su su fara ayyuka da kansu. A 1995, a Yawunde ta ƙasar Kamaru, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya miƙa wa Afirka koyarwar da ta kira Ikkilisiya iyalin Allah. Wannan ya shafi Fada da katikis, ya shafi shugaban makaranta da mai shago a kasuwar Sabon Gari, ya shafi shugaban sashe a jami'a da uba a cikin gidansa. Dayosis ɗinmu na Zariya an yanke shi daga Kaduna a watan Disamba na 2000. Bishop George Dodo ya yi kiwonsa har Allah ya kira shi a 2022, aka naɗa Bishop Habila Daboh a 2023. Gonar tana da faɗi, firistoci ba za su iya nome ta su kaɗai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, ya ku shugabanni, ga abin da muke roƙonku. In za ku ba da aiki, ku bayyana abin da ake so, da ranar da ake so, da iyakar kuɗin da za a kashe, sa'an nan ku bar wa mai aikin zaɓin hanya. In ya bi hanyar da ba taku ba amma ya isa, ku gode masa. In aiki ya tsaya, ku fara da tambayar lafiya kafin tambayar aiki, gama sau da yawa amsar tana can. In rai ya ɓaci, ku jinkirta magana har zuciya ta huce, ku yi addu'a tukuna. Ku yaba a fili, ku gyara a keɓe, kamar yadda Bisharar Matiyu sura 18 ta koya mana mu fara samun ɗan'uwa shi kaɗai. A taro ku bar ƙarami da mai kunya su fara magana, domin in babba ya riga ya faɗi ra'ayinsa sauran sukan yi shiru. Tun ranar da aka naɗa ku, ku fara horar da wanda zai gaje ku. Ku tuna babba juji ne. Za a kawo muku ƙorafi da gunaguni, ku karɓa da haƙuri, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Ku kuma 'yan ƙungiya, amana kaya ce. In an ba ku aiki ku yi shi a kan lokaci. In kun ga ba za ku iya ba, ku faɗa da wuri, kada ku ɓuya sai ranar biki. Ku kawo rahoto tun ba a nema ba. Yawancin shugabannin da ke tsayawa a kan mutane an taɓa ba su kunya ne, amincinku shi zai warkar da tsoronsu. In shugabanku ya matsa muku, ku same shi cikin ladabi kamar yadda Yetro ya sami Musa, kada ku bar ƙungiya shiru kuna gunaguni a waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A wannan mako bari kowane shugaba ya zauna gaban Ubangiji ya tambayi kansa: wane aiki nake riƙe da shi wanda wani zai iya yi? Wane ne ya daina zuwa, ban kuwa je gidansa ba? Sa'an nan ya saki aiki guda, ya kuma kai ziyara guda.

Mu yi addu'a. Ya Kristi Sarki, kai da ka durƙusa ka wanke ƙafafun almajiranka, ka kuma danƙa Bishararka a hannun mutane masu rauni, ka ba shugabanninmu zuciya mai saurare da harshe mai taushi. Ka kawar musu da tsoro da girman kai, ka ba mabiya aminci da ƙwazo, domin ƙungiyoyinmu su zama gida ɗaya cikin ƙaunarka. Maryamu, Sarauniyar Salama, ki yi addu'a dominmu. Albarkar Allah Mai Iko Duka, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta sauko muku, ta zauna tare da ku har abada. Amin.